Yadda Ake Kawo Aya, Hadisi da Nassin Littafi Mai Tsarki a Kundin Bincike

Na yi karatun allo kafin boko, a wata tsangaya da ke bayan gari a nan Gombe, kuma da Warshu na sauke. Da na zo rubuta kundin digirina na farko na buƙaci Ayatul Kursiyyu a babi na biyu, sai na jawo Alƙur'anin da ke ɗakina, bugun Warshu mai lambobi, na duba na rubuta 2:253. Ranar kare kundi ɗaya daga cikin malaman da ke kan teburi ya zaro wayarsa ya lallatsa, ya ɗago kai ya ce, "Malam, a garinku Tilkar rusulu ce Ayatul Kursiyyu?" Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ƙarya ba, shi ma bai yi kuskure ba. Nasa Hafsu ne, inda Tilkar rusulu take ta 253, Ayatul Kursiyyu kuma ta 255. Nawa yana bin ƙidayar mutanen Madina, inda aka raba ta biyu, 253 da 254. Laifina shi ne ban faɗi kwafin da na riƙe ba.

Tun daga ranar, duk ɗalibin da ya kawo mini kundinsa in duba masa, daga Jami'ar Jihar Gombe yake ko ta Tarayya da ke Kashere, ko 'yan uwanmu na Bauci da ke Gadau da Misau da Azare, abin da nake fara bi shi ne nassoshin da ya kawo. A masallaci ko a coci, idan mai wa'azi ya ce "Allah yana cewa", ya wadatar, domin masu sauraro sun yarda da shi. Kundi kuwa kwatance yake so irin wanda za a ba baƙo: unguwa kaza, layi kaza, gida na nawa. Mai karatu ya bi kwatancenka ya tarar da kalmomin nan da ka rubuta, a irin kwafin da ka duba. Duk matakan da ke ƙasa wannan suke yi wa hidima.

Mataki na farko: tambayi sashenku salon da ake bi, da bugu na nawa

Kafin ka rubuta komai, ka nemi takardar ƙa'idojin rubuta kundi ta sashenku ko ta makarantar manyan digirori, ka kuma tambayi malamin da ke duba aikinka. APA, MLA da Chicago sunayen salon kawo madogara ne. Kada ka tsaya a "APA muke yi". Ka ce bugu na shida ko na bakwai, saboda a kan littattafan addini sun saɓa. Bugu na shida ya ce a ambace su a cikin rubutu kawai, ba sai an sa su a manazarta ba. Na bakwai, wanda ya fito a ƙarshen 2019, ya mayar da su kamar sauran littattafai: dole su shiga manazarta, sunan littafin ya zauna a gurbin sunan marubuci. Ɗalibai da yawa suna kwaikwayon tsohon kundin da suka aro a laburare, wanda aka rubuta da bugu na shida, alhali sashensu ya koma na bakwai.

Salon MLA, da aka fi gani a sassan harsuna da adabi, yana sa littafin a jerin ƙarshe, kuma ɗigo yake sawa tsakanin sura da aya a maimakon ruwa biyu, wato 1.5 a inda wasu za su rubuta 1:5. Salon Chicago, na masu tarihi da yawancin masu hashiya a ƙasan shafi, ya fi son a kawo nassi a cikin rubutu ko a hashiya, a faɗi bugun da aka yi amfani da shi a ambato na farko, ba lallai ya shiga manazarta ba. Masu nazarin tauhidin Kirista a makarantunsu sukan bi Turabian ko SBL. A wuri ɗaya dai duk suka haɗu: ba a kawo aya da lambar shafi. Shafi na canzawa daga bugu zuwa bugu, sura da aya su ne adireshin.

Idan abin da malaminka yake so ya saɓa wa littafin salon, ka bi malaminka, shi zai sa hannu. Amma ka roƙe shi ya rubuta maka misali guda a takarda, ka adana.

Mataki na biyu: zaɓi kwafi ɗaya, ka ɗauki bayanansa yau

Alƙur'ani ɗaya, fassara ɗaya, Littafi Mai Tsarki ɗaya, bugu ɗaya na kowane kundin hadisi. Buɗe shafin da ke bayan bango ka ɗauki hotonsa da waya: cikakken suna, mai fassara ko mai tahaƙiƙi, maɗaba'a, gari, shekara. Idan shekarar Hijira ce kawai, ka rubuta ta yadda take ka sa alamar Hijira a gabanta. Na ga ɗalibin da ya kwafe 1422 tsirara, manazartarsa ta nuna kamar an buga Sahihul Bukhari a maɗaba'a tun kafin a ƙera injin buga littafi. Sannan ka sanar da mai karatu zaɓinka sau ɗaya, a gabatarwa ko a hashiyar farko, da jimla kamar haka: "Duk lambobin ayoyin da ke wannan kundi bisa riwayar Hafsu suke, bugun Madina, fassarar Hausa kuma ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ce, sai inda aka nuna saɓanin haka." Da na rubuta irin wannan layin, da ba a yi mini dariya ba.

Mataki na uku: ayar Alƙur'ani

A nan ne mu 'yan ƙasar Hausa muke da matsalar da littattafan salo na Turawa ba su san da ita ba. Gardi ba ya neman aya da lamba. Izifi ya sani da sumuni, ya ce maka tana cikin Tabara ko Ƙad sami'a, kuma zai kai ka kanta ido rufe. Wannan ilimi ne babba, amma kundi ba ya karɓarsa a matsayin madogara. Dole ka juya shi zuwa sura da aya.

Surori 114 ne ko'ina, jerinsu ɗaya. Ƙidayar ayoyin ce ta bambanta. Ƙidayar Kufa, wadda Hafsu ke tafiya da ita, 6236 ce. Ƙidayar Madina ta ƙarshe, wadda bugun Warshu da yawa ke bi, 6214 ce. Ba a ƙara kalma ba, ba a rage ba, wurin tsayawa ne ya bambanta. A Hafsu, Bisimilla ita ce aya ta farko a Fatiha. A ƙidayar Madina ba a ƙirga ta, sai a raba ayar ƙarshe biyu a kan "an'amta alaihim", adadin ya koma bakwai. A Baƙara mutanen Kufa suna ƙirga "Alif Lam Mim" aya guda, na Madina ba sa yi, shi ya sa tun daga farkon surar lambobin suke zamewa, ta ƙare da 286 a can, 285 a nan. Shawarata: ko da Warshu ka haddace, ka ba da lambar Hafsu, domin ita ce a wayar kowane malami da ke kan teburin. In kuwa bincikenka a kan Warshu yake, ko a kan rubutun Alƙur'ani na hannu irin na alarammominmu, to ka tsaya a kan ƙidayar Madina, ka faɗa ɓaro-ɓaro, ka riƙa sa lambar Hafsu a gefe. Haka idan lafazin ya bambanta, kamar "maliki yaumid din" da Hafsu ke ja Warshu ba ya ja, ka rubuta na riwayar da ka ce kana bi.

Akwai tarko na uku ga mai karanta tsofaffin littattafan Turawa a kan Musulunci. Da yawansu sun bi lambobin bugun Gustav Flügel, wani Bajamushe da ya buga Alƙur'ani a 1834, kuma ƙidayarsa ba ta dace da ta Kufa ba a wurare da dama. Bugun Alƙahira na 1924 ne ya yaɗa lambobin da aka saba da su yanzu. In ka kwafo lamba daga irin waɗannan littattafai ba ka buɗe Mus'hafi ka gwada ba, za ka iya aika mai karatu gidan maƙwabta.

Yadda za ka rubuta kuwa mai sauƙi ne. Sunan sura, lambarta, ruwa biyu, lambar aya: (Alƙur'ani, Hujurat 49:13). Ayoyi a jere, karan ɗori tsakaninsu: (Alƙur'ani, Alaƙ 96:1-5). Ayoyi a warwatse cikin sura ɗaya, waƙafi: (Alƙur'ani, Nisa'i 4:11, 12, 176). Ina son a haɗa suna da lamba, ko da salon bai tilasta ba, saboda ɗaya yana kama kuskuren ɗaya. Wasu surori suna biyu ne da su: ta 17 Isra'i ce kuma Bani Isra'ila, ta 40 Gafir ce kuma Mumin, ta 9 Tauba ce kuma Bara'a, ta 76 Insan ce kuma Dahri. Wasu kuma sunayensu ke kama da juna a bakin mai bugawa. Hijri ta 15 ce, Hajji ta 22, Hujurat ta 49. Mumin daban, Muminun ta 23 daban.

Idan APA na bakwai kake bi, abin da zai shiga baka biyu shi ne sunan fassarar yadda yake a bangonta, da rubutun tafiyar tsutsa, sai shekarar bugunta, sai sura da aya. A manazarta kuma sunan littafin ne farko, sai sunan mai fassara da alamar cewa fassarawa ya yi, sai shekara, sai maɗaba'a. Kada ka sa sunan Allah a gurbin marubuci. Na taɓa ganin manazartar da ta jera shi a ƙarƙashin harafin A, da waƙafi da shekara a gaba, tsakanin wani Adamu da wani Aminu. Manhajar tsara manazarta ce ta yi wa yaron haka, shi kuma bai duba ba.

Abu na ƙarshe a nan ya fi lamba nauyi. Kada ka yanke aya inda ma'anarta za ta juye. Kowa ya san misalin "Fa wailul lil musallin" a 107:4, wadda ba ta tsayuwa sai da ayar da ke bin ta, da "la taƙrabus salata" a 4:43. Waɗannan a fili suke, ba wanda zai faɗa musu. Waɗanda ke kama ɗalibai su ne ayoyin gado, na yaƙi, na aure da na alaƙa da waɗanda ba Musulmi ba, inda ake ɗauko rabin da ya dace da hasashen bincike a bar sauran. In dole ka taƙaita, sa ɗigo uku a inda ka tsallake, kuma ka karanta aya biyu kafinta da biyu bayanta tukuna.

Mataki na huɗu: fassarar ta wace ce?

Larabcin nassi ne, Hausar ko Turancin kuwa maganar mutum ce, kuma mai ita yana da haƙƙin a ambace shi. Fassarar Gumi ba ta zama ɗaya da ta Sheikh Nasiru Kabara ba, kamar yadda ta Pickthall ta 1930 ta bambanta da ta Yusuf Ali, ta kuma bambanta da ta Abdel Haleem ta 2004. Wasu fassarorin, musamman ta Hilali da Khan, cike suke da ƙarin bayani a cikin baka biyu wanda daga tafsiri aka ɗauko shi. In ka kwafe ka goge bakan, ka mayar da sharhin malami maganar Allah. Ka bar su yadda suke, ko ka zaɓi wata fassarar.

Idan kai ka fassara da kanka, ka rubuta "fassarar mai bincike" bayan lambar ayar. Sai dai ka yi wa kanka adalci: in Larabcinka na Islamiyyar dare ne, ka jingina da fassarar da aka sani. Wanda yake rubutu da Turanci kuma, ya ɗauko fassarar Hausa ya juya ta, shi ma sai ya faɗa, domin fassara ce a kan fassara.

Gajeren nassi yana shiga cikin sakin layi da alamar zancen wani. Mai tsawo a ware shi, a tura shi ciki, ba alamar zance. A APA iyakar kalma 40 ce, a MLA abin da ya wuce layi huɗu.

Mataki na biyar: hadisi, inda aka fi zubewa

"Bukhari ne ya rawaito" daidai yake da ka ce wa baƙo gidanku yana Gombe. Cikakken madogarar hadisi yana ɗauke da mai littafin, sunan littafin, kitabi, babi, lambar hadisi, da bugun da lambar ta fito daga ciki. Misali, hadisin niyya na Sayyidina Umar: Bukhari, Sahih, Kitabu Bad'il Wahyi, lamba 1. A Muslim kuma yana Kitabul Imara, lamba 1907.

Me ya sa sai an haɗa da kitabi da babi? Saboda lambobin hadisi ba masu littattafan ne suka sa su ba, masu tahaƙiƙi ne daga baya, kuma kowa da tsarinsa. Lambar 1907 ta Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi ce, wanda ƙidayarsa ta Sahihu Muslim ta tsaya a 3033 saboda bai ba maimaici sabuwar lamba ba. Wasu bugun suna ƙirga kowace riwaya, su haura 7000. Ka ga lamba ita kaɗai na iya kai mutum wani kitabin daban. Shafin sunnah.com ma yakan jera lamba biyu ko uku a ƙarƙashin hadisi ɗaya. Ka zaɓi tsari guda ka faɗi wanne ne, kada yau ka ɗauki ta sama gobe ta ƙasa. Mai amfani da manhajar littattafan Larabci ta Maktaba Shamila ya buɗe katin littafin ya kwashi bayanan bugun, ya kuma duba ko an rubuta cewa shafukan sun dace da bugaggen.

Sannan lafazi. Bukhari ya kawo hadisin niyyar nan a wurare bakwai, kuma kalmomin ba ɗaya suke ba: a lamba 1 "bin niyyati" jam'i ne, a wasu wuraren tilo ne. Ka ba da lambar wurin da lafazin da ka rubuta yake. In ka ce "Bukhari da Muslim", ka ƙara da "lafazin na wane ne". In daga Arba'una Hadisi ta Nawawi ka ɗauko, ko Riyadus Salihina, ko Bulugul Marami, to ka sani waɗannan tattarawa suka yi daga manyan kundaye. Ko dai ka koma tushen ka gani da idonka, ko ka rubuta gaskiya: Muslim ne ya rawaito, kamar yadda Nawawi ya kawo a hadisi na kaza. Muwaɗɗa kuma, tunda mu nan ita ce ta gida, ka faɗi riwayar. Wadda aka fi sani ta Yahaya bin Yahaya Allaisi ce, ta Muhammadu bin Hasan Asshaibani daban take a tsari da adadi.

Yanzu ga inda nake ɓata wa ɗalibai rai. Akwai maganganun da ke yawo a babin farko na kundaye kamar an gada. Masu nazarin ilimi suna son "ku nemi ilimi ko da a birnin Sin ne", alhali Ibnu Hibban ya ce ɓatacce ne, Ibnul Jauzi kuma ya sa shi cikin ƙagaggun hadisai. Masu kimiyyar siyasa suna son "son ƙasa yana cikin imani", wanda malaman hadisi suka ce ƙagagge ne. Masu kiwon lafiyar al'umma kuma "tsafta tana cikin imani" suke buɗe babi da shi, su jingina wa Muslim. Abin da ke Muslim, lamba 223, shi ne "Aɗɗuhuru shaɗrul iman", tsarki rabin imani ne. Hatta "neman ilimi farilla ne a kan kowane Musulmi", wanda yake Ibnu Majah lamba 224, kalmar "da Musulma" da ake liƙa masa a ƙarshe ba ta cikin riwayar, ko da yake malamai sun ce ma'anar ta haɗa da mata. Saboda haka duk hadisin da ba a Bukhari ko Muslim yake ba, ka faɗi darajarsa da wanda ya yanke hukuncin: Tirmizi ya ce hasan ne, ko Albani ya inganta shi a wuri kaza. In malamai sun saɓa a kansa, layi ɗaya a hashiya ya isa ka nuna ka san da saɓanin. Hadisi ƙudsi kuma hadisi ne, ko da ya fara da "Allah Ta'ala ya ce". Ba a ba shi sura da aya.

Mataki na shida: Littafi Mai Tsarki

Ɗalibanmu na Billiri da Kaltungo da Tafawa Ɓalewa sun fi ni sanin wannan, amma kuskuren da nake gani a wurinsu ɗan'uwan nawa ne: sabo yana sa mutum ya manta da faɗin bugu. Tsarin shi ne sunan littafi, sura, ruwa biyu, aya: Luka 10:25-37, ko Romawa 13:1-7. A APA na bakwai zai zama kamar (Littafi Mai Tsarki, 1979, Luka 10:25-37). In tsohon bugu ne da aka sake bugawa, shekara biyu ake sawa da karan tsaye a tsakani, ta asali da ta wanda ke hannunka.

Da Hausa kaɗai akwai fassara fiye da ɗaya. Cikakkiyar farko ta fito a 1932, aka yi sabuwa a 1979, ga kuma Sabon Rai Don Kowa. Har sunayen littattafan sun bambanta: tsohuwar tana cewa Matta, Yohanna, Misalai, Kubawar Shari'a, Ru'ya ta Yohanna, ta 1979 kuma Matiyu, Yahaya, Karin Magana, Maimaitawar Shari'a, Wahayin Yahaya. Kada ka gauraya. Wanda ya girma da tsohuwar a bakin kakarsa yakan rubuta Yohanna alhali kalmomin da ya kwafa na sabuwar ne. Da Turanci ma haka: KJV, RSV da NIV ba kalmomi ɗaya suke ba, har akwai ayoyin da ke cikin KJV waɗanda NIV ta sauke zuwa hashiya, irin su Matiyu 17:21 da Ayyukan Manzanni 8:37, saboda ba sa cikin wasu tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Mai jarrabawa zai buɗe nasa ya ga an tsallake daga 36 zuwa 38.

Lambobin nan ma daga baya aka sa su. Rabon surori ana jingina shi ga Stephen Langton a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne ne ya buga su a 1551. Shi ya sa ake samun zamewa. Zabura ta 23, ta makiyayi, ita ce ta 22 a bugun da ke bin ƙidayar Girkanci da Latin. Malakai yana da sura huɗu a yawancin bugun Turanci, uku a na Ibrananci. Bugun Katolika littattafai 73 ne, na ɗarikun Furotesta 66, don haka mai kawo Tobit ko Sirak lallai ya faɗi bugunsa. Ka kula da lambar da ke gaban suna: Yahaya 3:16 daban, 1 Yahaya 3:16 daban, kuma da yake dukansu a kan ƙauna suke magana, kuskuren yakan wuce ba a lura ba. Littafi mai sura ɗaya kamar Yahuza, lambar aya kawai ake sawa.

Bari in ɗan ratse. A jihohi irin namu, inda aji ɗaya ke ɗauke da Musulmi da Kirista, kundaye a kan zaman lafiya da kwatanta addinai suna da yawa. In za ka kawo nassin addinin da ba naka ba, ka ɗauko shi daga bugun da masu addinin suka yarda da shi, ka buɗe da hannunka. Kada ka kwaso daga ƙasidar muƙabala ko saƙon WhatsApp, inda an riga an yanka shi daidai wuyan abokin gardama. Ka nemi ɗan ajinku mai wannan addinin ya duba maka, ba zai ƙi ba. Kalmominka kuma su zama na mai bincike: "ayar ta ce", "a fahimtar malaman tafsiri", "bisa koyarwar cocin". Alamun girmamawa irin su SWT, SAW, AS da RA, in za ka sa, ka jera su a shafin taƙaitattun kalmomi, ka kuma riƙe su har ƙarshe. Amma kada ka cusa su cikin maganar wani marubucin da bai sa ba.

Mataki na bakwai: tafsiri, fiƙihu da wa'azi

Waɗannan littattafan mutane ne, ana kawo su kamar kowane littafi, da marubuci, juzu'i da shafi. Abin da Ibnu Kasir ya faɗa, ko Ƙurɗubi, ko Jalalaini, ko Abdullahi ɗan Fodiyo a Liya'ut Tawili, ba a rataya masa lambar aya kawai a wuce. Ka ba da shafin, ka ƙara da cewa a ƙarƙashin aya kaza yake, don mai wani bugun ya samu. Haka Risala da Iziyya da Ahalari. Karatun da ka saurara, misali tafsirin azumi na Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi, ka kawo sunan malamin, wurin, ranar, inda aka ajiye faifan, da mintin da maganar take. Guntun bidiyon da aka yanko ba kai ba gindi, ba shi da gurbi a kundi.

Mataki na takwas: wurin bugawa

Larabci kada ka bari a buga maka shi da hannu a shagon kwamfuta. Ka kwafo ayar daga tushe amintacce, kamar manhajar da Cibiyar Sarki Fahad ta Madina ta fitar don wannan aikin, ko shafin Tanzil, sannan ka gwada ta da Mus'hafi wasali bayan wasali. Kwamfutar da ba ta da irin rubutun da ka yi amfani da shi takan wargaza haruffa, ta raba su ɗaya-ɗaya ko ta juya layin baya, ƙ da ɗ da ɓ kuma su koma akwatuna. Maganinsa ka mayar da fayil ɗin PDF a kan kwamfutarka kafin ka kai shago, ka ce daga shi za a buga. In kana rubuta Larabci da boko, ka ɗauki tsari ɗaya: wanda ya fara da Baƙara kada a shafi na 40 a gan shi da wani harafin.

Manhajar gano satar fasaha za ta shafa wa ayoyinka launi, tunda dubban mutane sun kawo su kafin kai. Kada tsoron kason kamancen da za ta nuna ya sa ka sauya kalmomin fassara don su kuɓuce mata. Ka tabbata kowace tana da alamar zance da madogararta, ka nuna wa malaminka, akwai wurin da ake cire abin da aka kawo a alamar zance daga lissafin.

Kwana biyu kafin ka miƙa, ka fitar da duk nassoshin kundin a takarda guda, lambobi kawai ba kalmomi. Ka ba wani abokinka da bai karanta aikin ba, tare da kwafin da ka ce ka bi. Shi ya riƙa buɗewa yana karantowa da ƙarfi, kai kana bin kundin da biro. Duk wanda ya ɗauke shi fiye da minti biyu bai samu ba, ka zagaye shi, akwai abin da ya ɓace a kwatancen. Ranar kare kundin kuma ka shiga da kwafin nan a jakarka, da 'yan takardu a maƙale a shafukan da ka kawo.